A Ba Ƙwallon Yaran Unguwa Fili a Rediyo: Ga Yadda Aikin Yake

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana da shugabannin gidajen rediyon Jihar Zamfara, da kuma masu shirya gasar ƙwallon ƙafa ta matasa a Gusau, Ƙauran Namoda, Talatar Mafara, Gummi, Anka da sauran garuruwanmu.

Kowa ya san abin da kunnen Bazamfare ya saba ji idan ya kunna rediyo: an tare hanya, an kwashe mutane, an tashi ƙauye. Ba mu ce a daina faɗa ba, gaskiya ce, kuma ɓoye ta ba ya maganinta. Amma akwai yaro mai shekara goma sha huɗu a yau wanda tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunan garinsu a rediyo ba sai a cikin labarin rasuwa. Shi kuwa wannan yaron, kullum bayan La'asar yana filin firamare yana buga tamaula, wani da takalmi, wani da silifas ɗaure da roba. Kakarsa tana ƙauye, hanyar ba ta biyuwa. Babansa yana ci-rani a Legas ko Abuja. Ranar da suka ji an kira sunansa a rediyo an ce ya jefa ƙwallo a raga, gidan nan ya sami abin hira na mako guda wanda ba jaje ba ne. Abin da muke nema ke nan, kuma bai fi ƙarfin kowa ba, in dai an bi aikin yadda ya kamata.

Kuskuren da masu sha'awar wannan harka suka fi yi shi ne farawa da bidiyo. Matashi ya ɗaga waya ya shiga Facebook kai tsaye, hoto yana rawa, ƙwallo ba ta ganuwa, minti ashirin data ta ƙare. Mu a ganinmu murya ce gaba, hoto ya biyo baya in da hali. Lissafin a fili yake. Sauti mai kyau, wanda ake aunawa da 64 kbps, yana cin kusan MB 29 a awa guda. Bidiyo na 720p kuwa, a kan gudun Mbps 2.5, ya haura GB 1 a awa guda. Wannan kuɗin mai turawa ne kawai, mai kallo ma sai ya biya nasa. Mai rediyo ba ya biyan komai sai batir. Sannan kada a manta da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar nan na tsawon makonni. Intanet ta ɗauke, waya ta zama madubi, amma rediyo bai daina magana ba. Duk tsarin da aka gina a kan data kaɗai, rana ɗaya za a wayi gari babu shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce kiran waya na yau da kullum daga fili zuwa situdiyo. Mai sharhi yana magana a waya, injiniyan tasha ya haɗa kiran da mikisa, wato na'urar haɗa sauti, muryar ta fita. Kiran murya yana tafiya ko a inda sabis ɗin bai wuce 2G ba. Abubuwa uku ne ke lalata shi. Na farko, a bar rediyo a kunne kusa da mai sharhi: muryarsa ta fita a lasifika, ta koma cikin waya, ta sake fita, sai kuwwa da ƙara mai huda kunne. Duk wani ɗan kallo mai rediyo a hannu ya matsa taku goma. Na biyu, jiran kira: wani ya bugo yana tsaka da sharhi, masu sauraro su riƙa jin ƙit-ƙit. A kashe jiran kira tun a gida, kuma layin da ake aiki da shi kada ya zama wanda dangi da abokai suka sani. Na uku, layi ya yanke, wanda dole wata rana zai yanke. Shi ya sa ake zuwa da waya ta biyu mai layin wani kamfani daban, a riga an ba situdiyo lambarta, mai gabatarwa kuma yana da abin da zai cike gurbi da shi na minti ɗaya ko biyu, kamar teburin gasa ko sakamakon makon jiya. Situdiyo ce ya kamata ta riƙa kira, ba mai sharhi ba, don kada katinsa ya ƙare ana dab da bugun fenareti.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana gobe wasa, a daidai lokacin da za a buga, a je filin a gwada kira na minti biyar daga ainihin wurin da za a zauna. Sabis ɗin safe ba shi ne na yamma ba, kuma idan mutum ɗari biyar suka taru kowa da waya a aljihu, abin da aka gani jiya zai ragu. In bidiyo za a yi, a auna gudun turawa, ba na saukewa ba, da manhaja irin Speedtest. Gudun turawar ya ninka abin da bidiyon ke buƙata. Idan bai kai Mbps 5 ba, wato ninkin 2.5 ɗin da 720p ke ci, a rage ingancin hoton zuwa 480p, ko a haƙura da hoto.

Wani gargaɗi kafin mu wuce: akwai ƙananan na'urorin watsa FM da ake sayarwa a kasuwa, wasu samari na ganin su haɗa tasharsu ta unguwa. Kada a fara. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ce ke da hurumin lasisin watsa shirye-shirye, kuma shiga iska ba lasisi laifi ne, balle a jihar da jami'an tsaro ke sa ido kan duk wata na'urar sadarwa. A bi ta tashar da ke da lasisi.

Maganar makirufo tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Mutum ya sayo makirufo, ya soka a waya, ya ga ba ya ɗauka, ya ce jabu aka sayar masa. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, kan fulogin ne bai dace ba. A duba ƙarfen da ake sokawa: in zobba baƙaƙe biyu ne a jikinsa, na kyamara ne ko rikoda, waya ba za ta gane shi ba, za ta ci gaba da ɗaukar sauti da nata ɗan makirufon na ciki. Na waya zobba uku gare shi. Akwai ɗan adafta mai mayar da mai biyu ya zama mai uku, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Yadda ake tabbatarwa kuwa shi ne a fara ɗauka, a ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, sannan a ƙwanƙwasa gindin wayar, a saurara a ji wanne ya fi fitowa. Wayoyin da ba su da ramin iyafis, sai ramin caji kaɗai, suna buƙatar adafta mai baki biyu, ɗaya na caji ɗaya na sauti, in ba haka ba sai an zaɓa tsakanin murya da wuta. Wanda ba shi da kuɗin makirufo, iyafis mai igiya ya wadatar, in ya riƙe ɗan maɓallin kusa da baki. Na Bluetooth ba mu ba da shawararsa ba, yana yankewa a cikin taro, kuma ga wani batirin da za a yi ta fargaba a kansa.

Tsakanin baki da makirufo a bar faɗin yatsu huɗu, a ɗan karkata shi gefe don kada iskar baki ta riƙa bugunsa. Idan an ci ƙwallo, a janye shi baya kafin a ɗaga murya, domin ihu a kusa yana fasa sauti, mai sauraro ba zai ji sunan wanda ya ci ba, alhali sunan ne duk abin da ake nema. Lokacin hunturu iska ce babbar abokiyar gaba. A rufe kan makirufon da soso, in babu a ninka safar ƙafa mai kauri a ɗaure da roba, mai sharhi kuma ya ba iska baya. Janareta in dole ne a kunna, a kai shi nesa, taku talatin ko fiye, ta ɓangaren da iska ke tafiya. Gara ma a bar shi: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, batirin mota mai caji ko ƙaramin sola ya fi arha wajen riƙe lasifikar fili. Kada kuma a sa waya a caji daga janareta ana cikin ɗauka, ƙananan cajojin kasuwa suna shigar da wani gurnani cikin sauti. Fawa-bank ya fi tsabta. Mai 20,000 mAh yana cika waya mai batir 5,000 sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba kamar yadda lissafi ke nunawa, saboda wani kaso na wutar yana tafiya a zafi.

Zafi kuwa shi ke kashe bidiyo a bazara. Yawancin wayoyi an ƙera su ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Waya tana ɗaukar hoto, tana turawa, tana caji, ga rana a kanta: sai ta rage gudu da kanta, hoto ya fara tsinkewa, daga nan ta rufe kyamara. A cire mata riga, a rage hasken fuskarta, a kafa laima a kanta, a zo da ita cike da caji don kada ta sha wuta da ƙarfi a fili. Kada a ɗora mata ƙanƙara ko ledar ruwan sanyi, raɓa na taruwa a ciki. Dabarar da ta fi kowacce ita ce a raba aiki: wayar da ke ɗaukar hoto a danna mata alamar jirgin sama, a kunna Wi-Fi, ta karɓi intanet daga wata wayar ko ɗan akwatin MiFi. Zafi ya ragu, kuma ba kiran da zai shigo ya katse shirin.

Wurin zama a tsakiyar fili ne, daidai layin raba gida, ta yamma, don rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Wanda ya zauna ta gabas bayan La'asar, inuwar mutane kawai zai ɗauko. A sami tudu na mita biyu zuwa uku, bayan a-kori-kura ya isa. Wayar a kwance, a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku, a riƙa juyawa a hankali, ba a zuƙo hoto. Da damina, mutumin da ke kan tudun nan da sandar ƙarfe shi ne mafi tsawo a fili. In tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa talatin ba, a sauko, a tsayar da wasa, sai an yi minti talatin ba a ji tsawa ba.

Lokaci ma sai an lissafa. A ƙarshen Nuwamba rana na faɗuwa a Gusau wajen ƙarfe shida, a Yuni da Yuli kuwa sai kusan bakwai. Idan aka take wasa huɗu da rabi, minti talatin da biyar kowane zagaye, hutu minti goma, an tashi kafin shida saura minti biyar. Dokokin ƙwallo sun yarda a rage tsawon wasa ga yara. Gidan rediyo ba ya jiran kowa, in an ba ku awa ɗaya da rabi kuka makara da minti ashirin, labaran ƙarfe shida za su hau kanku, kuma mako mai zuwa ba za a sake ba ku fili ba. Bugun fenareti na raba gardama bayan an kira Magariba kuwa ba mai yi muku uzuri a kansa.

Yanzu ga ainihin aikin, wato sharhin. Minti talatin kafin a fara, mai sharhi ya karɓi sunayen 'yan wasa daga masu horarwa, ya rubuta a kwali babba, ƙungiya ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowane suna a inda mai shi ke tsayawa, tun daga gola har 'yan gaba. Matsalar filayenmu ita ce riguna: an sayo na Barcelona ko Chelsea a gwanjo, uku suna ɗauke da lamba 10, biyu ba lamba. Ko dai a liƙa lamba da farin salatif a baya, ko mai sharhi ya rubuta alama kusa da kowane suna, jan takalmi, dogo, mai ɗaurin gwiwa. Sannan a ƙungiya guda za ka sami Abubakar uku da Sani biyu, kowa kuma yana son a kira shi da sunan wani tauraron Turai. A tambayi kowane yaro sunan da ake kiransa da shi a gida, shi za a faɗa. Kakarsa ba ta san Mbappe ba.

Mai sauraro ba ya gani, kuma yana iya kunna rediyo a kowane minti. Don haka duk bayan minti biyu ko uku a maimaita su wa ke wasa, ci nawa ne, minti nawa aka yi. A faɗi inda ƙwallo take da abin da mutanen gari suka sani, ragar da ke wajen masallaci, ragar da ke wajen bishiyar darbejiya. Mutum biyu sun fi ɗaya: ɗaya yana bin ƙwallo, ɗaya yana shigowa idan ta fita ko an yi rauni, shi ne kuma ke riƙe agogo da rubuta wanda ya ci da wanda aka ba kati. Kada su haɗa baki. Kuma waɗannan yara ne, ba 'yan kwangila ba. Gola ɗan shekara goma sha uku da ƙwallo ta zame masa, a ce ta kuɓuce masa a wuce, gobe da safe zai shiga aji da waɗanda suka ji. Hukuncin alƙalin wasa, ko satar gida ce ko bugun tazara, a faɗi abin da ya busa, ba a yanke masa hukunci a iska. Kalma ɗaya daga mai sharhi tana iya sa a tare shi a bakin fili. In rikici ya tashi, situdiyo ta karɓi magana nan take, a fili kuma a kifa kyamara.

Akwai abubuwan da a wani wurin ba komai ba ne, amma a Zamfara suna iya jawo asarar rai. Ba a sanar da ranar da ƙungiya za ta taso daga wani gari, ko hanyar da za ta bi, ko motar da za ta shiga, ba a rediyo ba, ba a Facebook ba. Ba a cewa wannan ɗan Alhaji wane ne mai shago kaza, ko babansa na da shanu, ko yayansa na aiki a Abuja. Masu kai rahoto ma suna da rediyo. Sunan yaro da sunan ƙungiyarsa sun isa. Yaran da aka raba da garuruwansu, kada a ambaci inda suke kwana. Ba a kuma siffanta ɗan wasa da ƙabilarsa, ko da wasa ne, domin raunin nan bai warke ba. Wannan wani dalili ne da ya sa muka fifita murya: hoto yana nuna fuska, yana nuna babura da inda aka ajiye su. Duk yaron da bai kai goma sha takwas ba, wanda dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauka a matsayin yaro, a nemi yardar iyayensa kafin a saka fuskarsa. Takarda ɗaya a farkon gasa, mai horarwa ya kai gida-gida, ta wadatar.

Inda tasha ba ta da fili kai tsaye, ko sabis ya ƙi, ba a fasa ba. A ɗauki sharhin a waya, a yanke ya koma minti goma sha biyar, a kai wa tasha a katin memori ta saka da dare. A tura guntaye ta WhatsApp, saƙon murya na minti guda bai kai rabin MB ba. A bar kwafi wajen masu cajin waya a kasuwa, su da suka saba tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi. Masu amfani da Facebook su sani cewa tun Fabrairun 2025 bidiyon kai tsaye kwana talatin yake yi a goge shi, don haka a sauke a adana a daren. Kada kuma a bar waƙar wani mawaƙi tana tashi a lasifikar fili lokacin hutun rabin lokaci, na'urarsu na iya gane ta ta toshe sautin.

Adanawar tana da amfani, amma tana da tarko. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, kuma maƙwabciyarmu Sakkwato ta fitar da Shehu Abdullahi wanda ya ci tagulla a gasar Olympics ta 2016, don haka ba laifi yaro ya yi buri. Sai dai da zarar bidiyo ya fara yawo, za a ga masu cewa su wakilai ne, a kawo kuɗin biza. Mai sharhi ya riƙa faɗa a iska cewa dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan keɓantattun dalilai, kuma mai neman ɗan wasa da gaske ba ya karɓar kuɗin iyaye. Ya kuma daina taya masu rage shekaru, tun 2009 ake duba ƙashin wuyan hannu da MRI, na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17.

Kuɗin aiki daga 'yan kasuwar gari ya kamata ya fito, mai gidan burodi, mai ruwan leda, tela, mai sayar da taki, kowa a ambace shi sau biyu ko uku a wasa. Biyar ƙanana sun fi babba ɗaya, don in ɗaya ya janye shiri bai mutu ba. Tallar caca ba ta shiga, addini ya hana, kuma masu sauraron yara ne. Ɗan siyasa in ya ba da ƙwallo ko riguna a gode masa sau ɗaya, kada a bari a mayar da makirufo dandalin kamfe, domin rabin gari za su kashe rediyo. A riƙe littafi na abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa masu horarwa a ƙarshen wata, rashin wannan ne ke raba abokai.

Roƙonmu ga gidan rediyon jiha, da Pride FM ta Rediyon Najeriya, da tashoshi masu zaman kansu shi ne awa ɗaya da rabi a mako, rana ɗaya tsayayya, lokaci ɗaya tsayayye, na tsawon wata uku a gwada. A riƙa zagayawa, wannan mako Gusau, na gaba Ƙaura, na gaba Mafara, kowane gari da masu sharhinsa na gida don kada kowa ya hau hanya. In ƙwallo ta zauna, a sako langa da kokawar yara. Abin da tasha za ta bayar shi ne injiniya ɗaya, layin waya ɗaya da ba a amfani da shi don gaishe-gaishe a wannan lokacin, da yini guda na horar da matasan da za su riƙe makirufo.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ba mu zaman lafiya.

Daga wasu masu sharhin wasanni da masu haɗa sauti,
Gusau, Jihar Zamfara.